Najeriya da Indonesiya: Inda Hanya Ta Rabu

Mafi yawan mutanen Jos sun san Indonesiya ta hanyoyi biyu ne kawai. Ta farko ita ce taliyar Indomie da masu shayi ke dafawa a Terminus da Bauchi Road, wadda asalinta daga can ne, ta biyu kuwa ita ce labarin da alhazanmu ke dawowa da shi daga Makka game da alhazan wannan ƙasa, masu tafiya a jere, kowa da alamar ayarinsa, babu turereniya. Abin da ba a cika sani ba shi ne, da wuya a sami ƙasar da tarihinta ya yi kama da na Najeriya kamar ita. Dukansu Turawan mulkin mallaka ne suka harhaɗa su daga ƙabilu ɗaruruwa, Holand a can, Ingila a nan. Dukansu suna da man fetur, har suka shiga ƙungiyar OPEC, Indonesiya a 1962, Najeriya a 1971. Dukansu sun faɗa hannun soja a tsakiyar shekarun 1960 cikin mummunan zubar da jini, kuma dukansu sun koma ga zaɓe a 1999. Indonesiya tana da mutum kimanin miliyan 280, Najeriya kuwa ta haura miliyan 220, kuma a 1980, idan aka raba arzikin ƙasa bisa yawan jama'a, ɗan Najeriya ne ke gaba a lissafin dala.

A yau tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce, kuma inda ta fi ciwo shi ne lissafin rai. Jaririn da aka haifa a Indonesiya ana sa ran zai kai kimanin shekara 71, na Najeriya kuwa kimanin 54. Kowa ya san ajali a hannun Allah yake, kuma wannan ƙididdiga ba ta faɗin ranar mutuwar kowa. Abin da take nunawa shi ne yawan waɗanda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da zubar jini wajen haihuwa ke ɗauka da wuri, alhali duk cututtuka ne da aka daɗe da sanin maganinsu. Cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, fiye da 100 ba sa kai shekara biyar, a Indonesiya kuwa adadin bai wuce kimanin 20 ba. Matan da ke rasuwa saboda ciki ko haihuwa sun kusa 1,000 cikin kowace haihuwa 100,000 a nan, a can kuwa ba su kai 200 ba. Kusan kowane gida a Indonesiya yana da wutar lantarki duk da cewa ƙasar tsibirai ce dubbai, alhali mutum fiye da miliyan 80 a Najeriya ba su da ita sam, waɗanda suke da ita ɗin ma suna raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne da ake samarwa a yawancin ranaku.

A ganina, hanya mafi sauƙi ta auna ingancin rayuwa ita ce a duba abubuwan da magidanci yake saya wa kansa waɗanda da hukuma ce ya kamata ta tanada. Magidanci a Unguwar Rogo ko Gangare yana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ko ya haɗa kuɗi da maƙwabta a haƙa burtsatse, yana sayen mai don janareta ko ya ci bashi ya sa sola, yana biyan kuɗin makarantar kuɗi domin ta gwamnati ta cika maƙil, yana ba da na 'yan sintiri a ƙarshen wata, kuma ranar da matarsa za ta haihu sai ya sayi safar hannu da allura da ledar jini daga aljihunsa. Ko da abin da yake samu ya yi daidai da na takwaransa na tsibirin Jawa a Indonesiya, abin da zai rage masa na abinci da sutura da jari bai kai na wancan ba.

Bayanin da aka fi ji a majalisa idan aka kawo irin wannan zance shi ne cin hanci, to amma wannan bayani bai isa ba. Janar Suharto, wanda ya riƙe Indonesiya daga 1967 zuwa 1998, shi ne ƙungiyar Transparency International mai sa ido kan cin hanci ta sa a kan gaba a 2004 cikin jerin shugabannin da ake zargi da wawure dukiyar ƙasa, da kuɗin da aka ƙiyasta tsakanin dala biliyan 15 zuwa 35, alhali abin da aka jingina wa Janar Sani Abacha a wannan jeri dala biliyan 2 zuwa 5 ne. Kamfanin man ƙasar, Pertamina, ya kusa durƙusar da gwamnati a 1975 da bashin kimanin dala biliyan 10 da ya ci a ƙarƙashin wani janar ɗin. Ba kuma yawan mai ba ne, domin tun 2004 Indonesiya take sayo mai fiye da wanda take sayarwa. An yi sata a can, an yi a nan. Tambayar da ta dace ita ce ina aka kai abin da ya rage bayan satar.

A Indonesiya an kai shi ƙauye. Sa'ad da Suharto ya karɓi mulki, hauhawar farashi ta wuce kashi 600 cikin 100, shinkafa ta gagari talaka, sai ya damƙa tsarin tattalin arziki a hannun wasu malaman jami'a ƙarƙashin jagorancin Widjojo Nitisastro, waɗanda suka sa noma a gaban komai tun daga shirin raya ƙasa na farko a 1969. Da kuɗin mai suka kwararo bayan 1973, aka gyara magudanan ban ruwa da suka lalace, aka gina masana'antun taki, aka sauƙaƙa farashinsa ga manomi, aka yaɗa sabon irin shinkafa mai yabanya tare da bashin noma, aka kuma shimfiɗa hanyoyin karkara. Abin da ya fi muhimmanci, hukumar hatsi da ake kira Bulog ta tsayar da farashin da shinkafa ba za ta faɗi ƙasa da shi ba lokacin kaka, saboda haka manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya yi shuka. Ƙasar da ta taɓa zama babbar mai sayo shinkafa a duniya ta wadatar da kanta a 1984. Talauci bisa ma'aunin ƙasar ya sauko daga kashi 40 cikin 100 a 1976 zuwa kimanin kashi 11 a 1996.

Akwai kuma batun darajar kuɗi, wanda mutane da yawa ke fahimtarsa a baibai. Idan dalar mai ta yi yawa a ƙasa, kuɗin ƙasar kan yi ƙarfi, kayan waje su yi araha, na gida su rasa mai saye, sai manomi ya ajiye fartanya ya nufi birni. Mahukuntan Indonesiya sun gane wannan haɗari, suka karya darajar kuɗinsu, rupiya, da gangan a 1978, a daidai lokacin da baitulmali ke cike, suka sake a 1983 da 1986, domin mai noman roba da kofi da mai ɗinkin takalma su iya sayar da kayansu a ƙetare. Mu kuwa har yau dattawa suna tuna zamanin da naira ta fi dala a matsayin zamanin daɗi, kuma ga ma'aikacin gwamnati da ɗan birni lallai zamanin daɗi ne. Amma a wannan zamanin ne dalar gyaɗa ta ɓace a Kano, bayan fari da cutar gyaɗa sun yi nasu ɓarin, a wannan zamanin ne kuma shinkafa da alkama na waje suka mamaye kasuwa. Najeriya da take cikin manyan masu samar da manja a duniya a farkon shekarun 1960 yau tana sayowa, Indonesiya kuwa, wadda aka kai mata 'yan itatuwan kwakwar manja guda huɗu a 1848, irin da asalinsa na Afirka ta Yamma ne, ita ke samar da fiye da rabin manjan duniya.

Ba a ce Najeriya ba ta taɓa tuna manomi ba. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi na Shagari a 1980, an gina madatsun Tiga da Bakolori. Sai dai manyan kuɗin sun tafi ga ƙarin albashin Udoji na 1974, da sumuntin da ya tara jiragen ruwa ɗaruruwa a tashar Legas a 1975, da bikin FESTAC na 1977, da kamfanin ƙarfe na Ajakuta, da ginin Abuja. Hukumomin sayen amfanin gona kuwa, maimakon su kare manomi, sun daɗe suna saye a hannunsa da araha su sayar a waje da tsada, har aka rushe su a 1986. Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada lokacin da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu ya fito, ko lokacin da tumatir da kabeji suka yi yawa, zai ga sauran wannan tarihi da idonsa: manomi ya kawo kaya a kan hanyar da ta ci rabin ribarsa, ba shi da rumbun sanyi da zai ajiye, dole ya sayar yadda dillali ya yanka, bayan wata uku kuma farashin ya tashi a hannun wani.

Me ya sa azzalumin shugaba irin Suharto ya damu da ƙauye? Ba tausayi ba ne kaɗai. Jam'iyyar kwaminis da sojoji suka murƙushe a 1965 da 1966, inda aka kashe mutane dubu ɗaruruwa, ta samo ƙarfinta ne daga talakawan karkarar Jawa, kuma Suharto ya san cewa yunwar waɗannan mutane za ta iya cin gadonsa. A Najeriya abin da mahukunta suke tsoro shi ne barikin soja da ma'aikatan birni da rikicin rabon arziki tsakanin yankuna, saboda haka can kuɗi suka bi. Ya kamata kuma a faɗi abin da Allah ya hore wa Jawa: ƙasa ce mai albarka saboda tokar duwatsu masu aman wuta, ga ruwan sama, ga tsohuwar al'adar noman rani, kuma sabon irin da masana suka fitar a wancan lokaci na shinkafar ban ruwa ne, ba na gero da dawa da doya ba. Wannan uzuri ne na gaskiya, sai dai bai shafi makaranta da asibiti ba.

Tsakanin 1973 da 1978 Indonesiya ta gina makarantun firamare fiye da 61,000, aka fifita yankunan da yara suka fi zama a gida, kuma binciken da masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta yi daga baya ya nuna cewa yaran da suka ci gajiyar shirin sun ƙara shekarun karatu, sun kuma fi samun kuɗin shiga da suka girma. Najeriya ma ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare ga kowa a 1976, yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka zata, aka horar da malamai cikin gaggawa, amma da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai albashin malamai ya tsaya, aka bar shirin ya lalace. Bambancin a nan shi ne ɗorewa. Indonesiya ta kai ga rubuta wa kanta a tsarin mulki a 2002 cewa kashi 20 cikin 100 na kasafin kuɗi na ilimi ne. Kimanin kashi 96 cikin 100 na manyanta suna iya karatu da rubutu, mu kuwa muna da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, galibinsu a Arewa.

Abin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne yadda suka yi da makarantun addini, domin nan ne lamarin ya taɓa mu kai tsaye. Indonesiya ita ma tana da makarantun kwana na malamai masu kama da tsangayunmu, inda ɗalibi ke zama wurin malami yana koyon Alƙur'ani da fiƙihu. A 1975 ministoci uku suka sa hannu a kan wata doka da ta shigar da lissafi da kimiyya da sauran darussa cikin manhajar madarasa, ta kuma daidaita takardar shaidarta da ta makarantar gwamnati, ta yadda ɗalibin madarasa zai iya wucewa jami'a ya karanta likitanci ba tare da ya bar karatun addininsa ba. Manyan ƙungiyoyin Musulunci na ƙasar, Muhammadiyah da aka kafa a 1912 da Nahdlatul Ulama da aka kafa a 1926, su ne suka ɗauki wannan nauyi tare da hukuma, kuma Muhammadiyah kaɗai tana da asibitoci fiye da 100 da manyan makarantu fiye da 100. Jos gari ne da ya san ƙarfin ƙungiyar addini, tun da a nan aka kafa Izala a 1978, ga kuma makarantu da asibitocin mishan da suka daɗe suna aiki a Filato. Ba himma ce ta yi mana ƙaranci ba. Abin da babu shi ne tsari ɗaya da zai sa almajirin da ya haddace Alƙur'ani ya fito da takardar da kasuwar aiki za ta karɓa. Mutanen Indonesiya sun kuma ci ribar koyarwa da harshe ɗaya na ƙasa da yaro ke ji a titi da rediyo, tun daga firamare har jami'a.

A fannin lafiya ma daga tushe suka fara. Kusan kowace gunduma tana da ƙaramin asibitin da ake kira puskesmas, kimanin 10,000 a faɗin ƙasar, a ƙarƙashinsu kuma akwai zaman wata-wata a unguwanni inda matan sa-kai ke auna nauyin jarirai, ma'aikatan lafiya su yi rigakafi. Daga 1989 aka fara tura ungozomomi masu horo su zauna a ƙauyuka, har suka haura 50,000 cikin shekarun 1990. An kuma yi shirin tazarar haihuwa tun 1970 tare da shawarar malamai, ko da yake an yi matsin lamba a wasu wurare, yawan haihuwa ya sauko daga kusan shida ga kowace mace zuwa biyu da ɗoriya. A 2014 suka buɗe inshorar lafiya ta ƙasa wadda yanzu ta ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a, gwamnati kuma ita ke biya wa matalauta. Najeriya ta san wannan hanya sarai, domin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya bi ta lokacin da yake ministan lafiya daga 1985, kuma a Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya, alkawarin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Inshorarmu da ta fara aiki a 2005 har yanzu ba ta kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba. Shi ya sa matar da naƙuda ta tsananta mata a wani ƙauyen Wase ko Kanam takan iso babban asibiti a Jos bayan lokaci ya ƙure.

Ko a janye tallafin mai akwai abin lura. Da Indonesiya ta ninka farashin mai a Oktoban 2005, ta haɗa matakin da kuɗin hannu ga gidaje kimanin miliyan 19, daga 2007 kuma ta raba ƙananan tukwanen gas da murhu kyauta ga gidaje fiye da miliyan 50 don a bar kananzir. A nan an sanar da janye tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a 2024, rage raɗaɗin kuwa ya biyo baya a makare kuma bai kai ga mafi yawan mabuƙata ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki Indonesiya a matsayin ƙasar da ta gama. A 1998 tattalin arzikinta ya tsuke da kashi 13 cikin 100, aka yi tarzoma, miliyoyi suka koma talauci. Har yanzu yaro ɗaya cikin biyar yana da tsumburewar jiki saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, ɗalibanta suna ƙasa-ƙasa a jarrabawar da ake gwada ƙasashe da ita, ita ce ta biyu a duniya a yawan masu tarin fuka, kuma layin talaucinta yana da ƙasa ƙwarai, ta yadda miliyoyin da ba a kira su matalauta ba rashin lafiya ɗaya ya isa ya mayar da su baya. Yankin Papua ya yi nisa a baya kamar yadda Arewa maso Gabas ta yi a nan. Manjan da ya kawo mata kuɗi ya cinye dazuzzuka, tsibiran Bangka da Belitung da ake haƙar kuza kuwa cike suke da irin kududdufan da muka gada a Bukur da Barikin Ladi.

Ita ma ta ɗanɗana irin abin da Jos ta ɗanɗana. A Janairun 1999 faɗa ya ɓarke tsakanin Musulmi da Kirista a birnin Ambon, dubbai suka mutu, dubu ɗaruruwa suka bar gidajensu, sai a Fabrairun 2002 gwamnatin tsakiya ta zaunar da ɓangarorin biyu a garin Malino suka sa hannu a kan yarjejeniya, a hankali wutar ta mutu, ko da yake unguwannin Ambon har yau a rabe suke bisa addini kamar namu. Yaƙin 'yan aware na yankin Aceh ma ya ƙare da yarjejeniya a 2005. A Filato an yi rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, an kafa kwamitocin bincike irin na Mai Shari'a Niki Tobi da na Bola Ajibola, amma ba a aiwatar da mafi yawan shawarwarinsu ba, babbar kasuwar Terminus da ta ƙone a 2002 ta shafe fiye da shekara 20 a kango, kashe-kashe kuma suka koma karkara, kamar wanda aka yi a Bokkos da Barikin Ladi a jajibirin Kirsimetin 2023. Manomin da ba zai iya kwana a gonarsa ba, da makiyayin da ba zai iya bin burtali ba, babu takin da zai amfane su.

Sabon matakin da Indonesiya ta ɗauka a wannan tsohuwar hanya tata shi ne dokar ƙauyuka ta 2014, wadda ta sa tun 2015 ake tura kuɗi daga baitulmali zuwa ƙauyuka kimanin 75,000, kowanne da asusunsa, don hanya da kwalbati da ruwan sha. An sace wasu, an ɗaure dagatai da dama, amma al'ada ce a can a kafa babban allo a gaban ofishin ƙauye ɗauke da abin da ya shigo da abin da aka kashe shi a kai. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, kuma wannan shi ne mafi kusa da muka zo ga irin wancan tsari, domin makarantar firamare da ƙaramin asibiti da hanyar kasuwar ƙauye duk a wannan mataki suke. Ana wallafa abin da kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 17 na Filato ta samu duk wata, mai waya a hannu zai iya nemowa. Abin da ya rage wa masu unguwanni da malaman masallatai da coci-coci da ƙungiyoyin 'yan kasuwa shi ne su matsa a liƙa musu lissafin yadda aka kashe shi a ƙofar sakatariya, inda kowa zai karanta.